Ƙaya a Ƙofar Azumi Mai Riɗi

A unguwar Ridina, in ka tambayi gidan Azumi mai riɗi, ko ɗan kilando, mai babur ɗin haya na N'Djamena, zai sauke ka a ƙofa. Amma kada ka ɗauka isa ƙofa shiga gida ne. Sai ka yi sallama sau uku, a ta ukun ka ji jan silifa, sannan ido ɗaya ya leƙo ta hudar ƙyaure ya ƙare maka kallo daga hula har takalmi. In ka ce kantu ka zo saya, ta tambaye ka wa ya aiko ka. In ka ce ba kowa, ta ce to wa ya nuna maka gidan. Duk da haka mutane ba su fasa zuwa ba, don kantun riɗinta ba ya manne wa haƙori, man riɗinta kuma ba a taɓa jin an gauraya shi da na gyaɗa ba.

Kakanta Bakano ne. Ya taso da ƙafa zai tafi Makka, guzuri ya ƙare masa a bakin kogin Shari tun garin yana amsa sunan Fort-Lamy, ya ce bari ya huta shekara ɗaya, hutun da bai ƙare ba ke nan har aka binne shi. A gidan da ya gina aka haifi Azumi cikin watan azumi, a nan ta girma, a nan ta dawo da zama bayan rasuwar mijinta Abdurrahim. Ɗanta ɗaya ne, yana can kudu yana aikin mota, sai a waya ake jin muryarsa.

Masu shekaru a unguwar sun ce ba da wannan hali aka haife ta ba. Tana amarya yaƙin shekarar tamanin ya ɓarke, aka tsallaka kogi zuwa Kusuri ta Kamaru a kwalekwale, kowa da abin da hannunsa ya iya ɗauka. Kwanukan jerenta ta bar wa wata maƙwabciya da ta dafa Alƙur'ani ta ce amana ce. Da ƙura ta lafa aka dawo, maƙwabciyar ta ce an fasa ɗaki an kwashe. Ranar sunan jikar matar, Azumi ta ci tuwo a cikin kwanonta na aure, har da 'yar lotsawar da ta sani a gefen murfi. Ta cinye, ta yi godiya. Tun daga ranar, in ka ce mata gari ya waye sai ta leƙa waje ta gani.

Mutum ɗaya ce ta tsallake wannan shinge, ita ce Kubura. Daga Damagaram ta biyo mijinta magini shekara goma sha huɗu da suka wuce, suka kama ɗakin da ke jikin zaure. Mijin ya rasu, ita ta zauna. Mace ce siririya marar yawan magana, wadda ke share tsakar gida tun kafin kaji su sauko. A watanta na farko Azumi ta yar da ɗan kunnenta na zinariya a gindin turmi, kamar faɗuwa ya yi, ta koma ɗaki tana leƙe. Kubura ta tsinta ta kawo. Bayan sati ta sake yarwa, aka sake kawowa. A karo na uku Kubura ta miƙo shi ta ce, "Yaya, don Allah ki daina gwada ni, bayana ya gaji da duƙawa."

Azumi ta yi dariyar da maƙwabta suka ce sun shekara ashirin ba su ji ba. Daga nan aiki ya zama na mutum biyu. Tare suke wanke riɗi a manyan robobi su tsame tsakuwa, tare suke shanya a tabarmi, Kubura na soya, Azumi na narka sukari don ita ba ta yarda da idon kowa a kan sukari ba.

Akwai abin da Azumi take ɓoyewa. Tun tana budurwa tukunyar narkakken sukari ta kife mata, ta bar tabo daga ƙirji har cinya, fatar ta tattare kamar ganda. Ban da mahaifiyarta da mijinta ba wanda ya taɓa gani. Wata rana suka je gaisuwar mutuwa a unguwar Paris-Congo, suka ji matan da suka wanke mamaciyar suna ƙus-ƙus a bayan ɗaki, suna ba da labarin abin da suka gani a jikinta. Azumi ta dawo gida ba ta iya cin abinci ba. Washegari ta tafi kasuwa ta yanko farin yadi, ta haɗa da sabulu da turare, ta ƙulle a tsohon ɗankwali, ta kira Kubura ɗaki ta tura ƙofa. Ta kwance zane ta nuna mata.

"Kin gani. Ba na son wani ido ya gani bayan naki. Ranar da na mutu ke za ki wanke ni, ke kaɗai, sai mai zuba miki ruwa ta juya baya."

Kubura ta karɓi ƙullin da hannu biyu ta ce, "Na ɗauka, Yaya. In ni na riga ki, ke ma haka." Ta kai shi ƙasan akwatinta. Mace mai tsoron kowa ta samu inda za ta ajiye tsoronta mafi girma, kuma shekara tara tana barci da daɗi saboda wannan ƙulli.

Bara bayan damina aka kawo mata sabon riɗi daga Mongo, ƙasar duwatsu, buhu shida, aka jera a ɗakin ajiya. Kwana takwas da saukewa, da safe za ta buɗe ɗakin, ta ga wani abu a dokin ƙofa. 'Yar fata ce kamar faɗin babban yatsa, da ɗanyen jini a cikinta, bayanta kuwa gashi ne ja-ja mai tauri, tsaye kamar ƙaya. Ta taɓa da tsinke, ta ja da baya tana a'uziyya. Ta haƙa rami a bayan gida ta binne, ba ta gaya wa kowa ba.

Bayan kwana biyu ta sami wata, wannan karon a ƙofar ɗakin kwananta, tare da wani abu siriri kamar kube, fatar wutsiya ce babu ƙashi a ciki. Azumi ta san ɓera, ta san jaɓa, ta san gafiya, ta san bushiya. Wannan ba ko ɗaya ba ne. Abin da ba na kowace dabba ba kuwa, a lissafinta, aikin hannun mutum ne. Ta naɗe a leda ta tafi wajen wani mai sayar da sauyoyi da fatu a bayan kasuwa. Mutumin ya juya fatar, ya shinshina, ya ɓata fuska irin ta wanda bai san abu ba kuma ba ya son a gane.

"Hajiya, wannan ba aikin garin nan ba ne. Daga nesa aka zo da shi. Ƙaya a bakin ƙofa ai kin san ma'anarta, so ake gidan ya riƙa sukar ki har ki fita da ƙafarki. Kurciya ce. Wa kike da shi a gida wanda ba ɗan gari ba?"

Tun kafin ta kai titi zuciyarta ta amsa mata. Ta tuna Nafi'u, ɗan wan Kubura da ke zaune a unguwar Habbena, wanda ya zo gaisuwar salla ya tsaya a tsakar gida yana waige-waige, har ya ce, "Kai, gidan nan da fili, Gwaggo." Ta tuna Kubura ta taɓa tambayarta ko ɗanta zai dawo N'Djamena da zama. Ta tuna ranar da Kubura ta daɗe a waya tana magana ƙasa-ƙasa. Abubuwan da suka wuce ba tare da ta kula ba duk suka dawo suka jeru, kowanne da sabuwar fuska. Biri ya yi kama da mutum, in ji ta, ta ƙara sauri.

Sai kuma fatun suka daina bayyana. Wata za ta ce alhamdulillahi. Azumi cewa ta yi an gane ta gane. Ta fara idar da sallar asuba a tsaye a bayan labule, ido a tsakar gida. Kwana na uku, gari ya yi sha, ta ga Kubura ta fito da tsintsiya. Ta share gindin turmi, ta share wajen murhu, da ta zo ƙofar ɗakin ajiya sai ta tsaya, ta waiga hagu da dama, ta duƙa ta ɗauki wani abu ta ƙulle a bakin zanenta.

Azumi ta haƙura har hantsi, lokacin da mata uku masu sarin kantu suke zaune a tabarma suna jira. Da gangan ta jira, tana son shaidu.

"Kubura, kwance bakin zanenki."

Kubura ta dube ta, ta dubi baƙin, ta kwance. Fatar ta faɗo a kan tabarma, ƙayoyinta a tsaye. Ɗaya daga cikin matan ta janye ƙafa ta ce, "Da shunu?" da Larabcin gari, wato mene ne wannan.

"Kusu ne, Yaya," in ji Kubura a hankali. "Ɓera, na duwatsu. A cikin buhunan Mongo suka zo. Muna da su a Damagaram, tun ina yarinya na san su. Kyanwarki ke kama su."

"Shekarata sittin da uku ina kashe ɓera, ban taɓa ganin mai ƙaya ba. In kyanwa ce ta kama, ina gawar? Ina kai, ina ƙafa?"

"Ba ya mutuwa. In an cafke shi fatar yake bari a bakin mai kamun, ya tahi abinsa. Wata ta tsiro masa."

Matan suka dubi juna. Ko ni mai ba da labarin nan, da a ranar aka gaya mini haka, da na ce a nemi wata ƙaryar mai kyan gani. Azumi ta tafa hannu.

"Ɓera mai tuɓe riga! To in gaskiya ne, don me kike ɓoyewa a zane?"

"Don na san ki," in ji Kubura. "Na san in kika gani ba za ki yi barci ba."

Wannan amsa ita ta ƙarasa ɓata lamarin, don ba abin da mai zargi ya ƙi jini kamar a ce an san shi. Azumi ta miƙe, ta faɗi abin da ke cikinta duka, da kurciya, da Nafi'u, da gidan kakanta da ake so a gada tana da rai. Ta ce shekara goma sha huɗu ana kiwon ta kamar akuyar layya. Kubura sai murza bakin zanen take yi. Sannan Azumi ta faɗi wadda ta fi duka.

"Ɗauko mini likkafanina. Hannun da ya binne mini ƙaya ba zai taɓa gawata ba."

Kubura ta shiga ɗaki. Aka ji ƙarar murfin akwati. Ta fito da ƙullin ta ajiye a gaban Azumi da hannu biyu, yadda ta karɓa. Kafin la'asar Nafi'u ya zo da a-kori-kura, aka ɗora katifa da akwati da 'yan tukwane. Tsintsiyarta ma ta tafi da ita.

Fatun ba su daina zuwa ba. Azumi ta ce ai daga Habbena ake turowa, ta zuba gishiri a dokin ƙofa, ta yi hayaƙi, ta daina gaisa da matan da suka yi shaida don ta lura ɗaya ta yi murmushi. Aiki ya yi mata yawa. Riɗi ya ƙone mata sau biyu don ba mai juyawa in tana kan sukari. Ƙullin kuwa ta rasa inda za ta sa shi, ta ɗora a kan kabad, kullum in ta kwanta shi take gani, tana tunanin waɗanne mata ne za su kwance shi, da abin da za su faɗa a bayan ɗaki. Tsoro ya dawo mata sabo fil.

Wata ranar Talata da hantsi ta jawo buhu na ƙarshe daga jikin bango. A bayansa akwai tsaguwa, a bakin tsaguwar ga tarin ɓawon riɗi da fukafukan kyankyasai, ga wasu 'yan dabbobi sun daskare suna kallon ta da manyan idanu baƙaƙe. Manya biyu, ƙanana uku. Kunnuwansu tsaye, cikinsu fari tas, bayansu ja-ja. Ƙananan ba irin jajayen 'ya'yan ɓeran da ta sani ba ne masu kama da tsoka, waɗannan da gashinsu, ido a buɗe, ƙafa da ƙwari. Kafin ta yi tunani hannunta ya riga ta, ta damƙi babba ɗaya a gadon baya. Ta ji tsikari a tafin hannu, ta ji abin ya murɗe, sai ta ji hannunta ba nauyi. Ɓeran ya faɗa cikin bokitin awo da ke gefe yana zagaye, bayansa ja jawur. Ta buɗe hannu. Ga fatar nan, faɗin babban yatsa, ƙayoyi a tsaye, jini ɗanye. Kyanwar ta shigo tana lasar baki, ta zauna tana kallon bokitin.

Azumi ta zauna daɓas a kan buhu. Ta daɗe a wurin, har inuwa ta bar ƙofa.

A nan ne mai hankali zai yafa mayafi ya nufi Habbena ko takalmi bai saka daidai ba. Azumi ba ta tafi ba. Ta ce an ga rabin magana, saura rabi. Kubura ta ce ba ya mutuwa, ta ce wata fatar tana tsirowa, to bari a gani. Ta rufe bokitin da rariya, ta ɗora dutse, ta kai ɗakinta inda kyanwa ba ta shiga. Kullum ta zuba masa riɗi da ɓawon kankana. Ta sa masa ruwa a murfin kwalba, ya ƙi kulawa, da ɗan danshin kankanar yake wadatuwa. In fara ta faɗo ta jefa masa, ya riƙe da hannu biyu ya cinye har ƙafafu. Da rana ya dunƙule a gefe, da yamma ya fara kai da kawo. Kwana uku ciwon ya bushe ya tsuke. Sati biyu ɓawon ya faɗi, sabuwar fata ta rufe wurin sumul. Kafin wata ya cika gashi ya fito, ya yi tauri, ya zama ƙaya. Ta fito da bokitin rana, ta sa tabarau, ta duba ta sake dubawa. Ko alamar tabo babu. Ta kai hannu ta shafa ƙirjinta ta kan riga, ba ta san ta yi ba.

Ranar ta yi wanka, ta ɗauki bokitin a hannu ɗaya, ƙullin a ɗaya, ta hau kilando zuwa Habbena. Ta sami Kubura a ƙofar gidan Nafi'u tana tsince shinkafa a faranti, ta ƙara ramewa. Kubura ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo ruwa, ta gaishe ta da gida da aiki da gajiya, gaisuwa cikakkiya irin wadda ake yi wa baƙo. Hajiya ta kira ta, ba Yaya ba.

Azumi ta ɗage rariyar. "Ga shi. Da hannuna na kama shi, fatar ta zauna a hannuna. Kuma ta tsiro, yadda kika ce. Na zalunce ki, Kubura. Na ji kunya, na kuma ji tsoron Allah. Ki yafe mini."

Kubura ta leƙa bokitin, fuskarta ta ɗan saki. "Kusun gidanmu," ta ce. "In ɗaya za ta haihu 'yan'uwanta mata ke kewaye ta, su lashe 'ya'yan, har nono suke ba na juna." Ta ƙura wa bayansa ido. "Ya warke sarai. Yaushe kika kama shi?"

Ƙarya ba ta cikin halayen Azumi, duk abin da za a ce da ita. "Wata guda ke nan."

"Wata guda." Kubura ta mayar da rariyar a hankali. "Ina nan ina jin kunyar fita, matan Ridina na cewa ga mai kurciya. Ke kina da gaskiyata a bokiti, kina jira kusu ya ba da shaida. Shekara goma sha huɗu ban ishe ki ba, shi wata guda ya ishe ki."

Azumi ta tura mata ƙullin. Kubura ta dube shi har Azumi ta fid da rai, sannan ta goge hannuwanta a zane ta ɗauka da hannu biyu, ta ɗora a cinya.

"Na yafe miki, duniya da lahira. Wannan kuma alkawari ne, ba don ke kaɗai na ɗauka ba, da Allah a ciki. Ranar da aka kira ni zan zo, ni kaɗai, mai zuba ruwa ta juya baya. Ba wanda zai ji komai a bakina."

"To ki tashi mu tafi gida. Ɗakinki na nan, ban sa kowa ba."

"A'a, Hajiya. Gidanki sau ɗaya ya rage mini in shiga."

Azumi ta dawo Ridina da bokitin kaɗai. Ta sa an kai ɓeran bayan gari an sake shi, sauran kuma kyanwa ta ci gaba da fama da su har suka ƙare ko suka canja gida. Tana nan tana kantu, kaɗan yanzu, daidai ƙarfin mutum ɗaya. Har gobe in ka yi sallama ido ɗaya zai leƙo ta hudar ƙyaure, sai dai maƙwabta sun ce yanzu tun a sallamar farko take tasowa, kuma in ta ga kai ne sai idon ya ɗan yi sanyi kafin ta buɗe.

Ran nan tana daka, ɗan kunnenta ya zame ya faɗi a gindin turmi, wannan karon da gaske. Ta gan shi, ta bar shi a wurin, ta shiga ɗaki ta yi azahar, ta yi la'asar. Da magariba ta fito ta same shi inda ya faɗi, ƙura ta ɗan hau shi. Ta dafa turmin, ta duƙa ta ɗauka.